Yarona ya cika wata shida: in fara ba shi lemu ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tudun Wadan Kaduna. Yarona ya cika wata shida mako biyu da suka wuce, na fara ba shi koko da ayaba. Duk sanda yayyensa ke shan lemu sai ya yi ta miƙa hannu yana rigima. Hajiyarmu, mahaifiyar maigidana, ta ce kada a kuskura a ba shi sai ya fara tafiya, wai yana sa mura da gudawa. Maƙwabciyata kuwa kullum matsewa take yi ta ɗura wa 'yarta a fida. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Na daɗe ina aiki a ɓangaren awon yara da abincinsu a nan Kaduna, kuma da wuya hunturu ya shigo, barori su cika da lemun Binuwai tun daga Kawo har Kasuwar Barci, ban sha wannan tambayar ba.

Za ki iya ba shi lemun zaƙi tun yanzu, in dai yana iya zama ko da an ɗan tokare shi, wuyansa ya tsaya, kuma ya daina turo abinci waje da harshe. Tunda har yana haɗiye ayaba, ina zaton ya kai. Sai dai akwai wani abu a harshenmu da yake ruɗa iyaye mata. Mu Hausawa shan lemu muke yi, kamar yadda muke shan mangwaro da rake: a fere bayan, a yanke kai, a tsotse ruwan, a yar da tsokar. To jariri cin lemu zai yi. Tsokar ce rabonsa, ruwan da aka matse a kofi ko a fida kuma ya jira har sai ya shekara. Kin ga ke nan maƙwabciyarki ta fi Hajiya nisa da daidai, ko da yake ita ce ake gani kamar ta fi wayewa.

Dalilin yana cikin girman cikinsa. Cikin yaro a wannan lokacin ba ya ɗaukar abin da ya wuce kusan mililita 30 a kan kowane kilo na nauyinsa a zama ɗaya. Yaro mai kilo 8 ke nan kofin shayi ɗaya ya cika shi taf. Kofi ɗaya na ruwan lemu kuwa sai an matse lemu uku ko fiye, kuma a cikinsa akwai sukari kusan giram 20, wato kamar ƙaramin cokali biyar, duk da ba ki zuba ko ƙwaya ba. In ya ɗirka wannan, ina zai sa nono? Ina zai sa faten wake? Ya ƙoshi da ruwa mai zaƙi wanda babu maiƙo a ciki, babu abin gina jiki na kirki. Irin yaran nan ne uwa za ta zo awo tana cewa ai yana shan abu sosai, a ɗora shi a sikeli a ga wata biyu nauyin bai motsa ba. Shi ya sa a 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ba yaron da bai shekara ba ruwan 'ya'yan itace, kuma daga shekara 1 zuwa 3 kada ya wuce mililita 120 a yini, rabin kofi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a jagoranta na 2023 kan abincin yara 'yan wata 6 zuwa 23 ta ce a taƙaita shi, abin sha mai ƙarin sukari kuwa a bar shi gaba ɗaya. Fida kuma ta ƙara dagula lamarin, domin yaro yana riƙe ta a baki ya yi ta zuƙa a hankali, tsami da sukari suna kwance a kan haƙoran da suka fara tsirowa, ga wahalar wanke ta yadda ya kamata.

Tunda na ambaci abin sha mai sukari, bari in yi wani ɗan tsokaci. Kalmar lemu a bakinmu ta haɗa na bishiya da na kwalba da na kwali da na gari da ake kaɗawa a ruwa. Na taɓa ce wa wata uwa ta riƙa ba 'yarta lemu kaɗan bayan kunu, da ta dawo awo na gaba sai ga ta da ɗan kwali mai tsinke a jakar goyo, tana cewa ga shi tana bin abin da na ce. Laifina ne, ban bambance mata ba. Tun daga ranar nake cewa lemun bishiya, mai ɓawo. Hoton lemu a jikin kwali ba ya mai da abin cikin ya zama lemu.

Yanzu ga yadda za ki shirya masa. Ki sayi wanda ba a fere ba. Wanda mai baro ya fere ya jera ya sha ƙurar hunturu da ƙuda, kuma wuƙar nan tun safe take aiki ba ta ga ruwa ba. Babba zai sha ya kwana lafiya, jariri ba lalle ba. Kada koren baya ya hana ki saye, lemunmu na ƙasashe masu zafi yakan nuna sarai bayansa yana kore, domin sanyin dare ne ke sa ɓawon ya yi ruwan ɗorawa. Ki ɗaga ki ji, wanda ya fi nauyi a hannu ya fi ruwa. Ki wanke shi, ki wanke hannunki da sabulu, ki ɓare, ki raba shi sala-sala. Ki ɗanɗana ɗaya tukuna. In ke kanki kin yamutsa fuska, ki bar wa yayyensa. Sannan ki ɗauki sala ɗaya ki tsaga ta ta wajen siririn gefen, ki zare farin tantanin nan da ya lulluɓe ta, har sai 'yan ƙananan buhunan ruwan sun fito fili suna ƙyalli. Ki bi da yatsa ki cire ƙwallayen duka. Lemun da ake kawo mana yana da 'ya'ya da yawa, wani lokaci sala ɗaya sai ki ciro uku, kuma akwai 'yan ƙanana fyaɗaɗɗu da ke ɓuya a ƙasa, su ne ke kuɓuce wa ido. Ki marmasa tsokar da yatsu a faranti mai tsabta, ki ba shi a cokali, cokali ɗaya ko biyu a ranar farko.

Na tsaya a kan tantanin nan ne saboda shi ne abin tsoro na gaskiya a lemu. Yana da santsi, yana da yauƙi, dasashin yaro ba ya iya tsinka shi. Zai tsotse ruwan ya bar fatar, ita kuma ta zame ta manne a maƙogwaro. Tanjarin ya fi yaudara, don salarsa ƙarama ce, uwa sai ta ga kamar an yi ta daidai bakin yaro, alhali tana iya toshe masa hanyar numfashi. Shi ma a zare masa fata. In ya kai wata tara, kin ga ya fara tsintar abu da babban yatsa da manuni, ki yayyanka tsokar ƙanana ki zuba masa ya ɗauka da kansa. Ya ci a zaune, kina gabansa, ba a kwance ba, ba a goye ba, kuma ki ja kunnen yayyensa kada su tura masa tasu a baki in kin shiga kicin. Ɗura kuwa, irin ta toshe hanci a zuba wa yaro abu a tafin hannu, ba ta da wuri a nan, ko a lemu ko a kunu.

Ki san bambancin yunƙurin amai da shaƙewa. Yaron da ya yi tari, fuskarsa ta yi ja, yana kakari yana turo abin waje, jikinsa na aikinsa ne, ki bar shi, kada ki cusa yatsa kina lalube. Wanda ya yi shiru, ba kuka ba tari, leɓensa ya fara sauya launi, shi ne ya shaƙe. Ki kifa shi a kan damtsenki ko cinyarki, kansa ya fi jikinsa yin ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau biyar. In bai fito ba ki juya shi rigingine, ki danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau biyar, ki yi ta maimaitawa, wani kuma ya nemo abin hawa. Ranar da za ki kai shi allurar ƙyanda ta wata tara, ki roƙi ma'aikaciyar ta gwada miki da hannu, ya fi karantawa.

Sai maganar Hajiya. Ni ba na son a yi wa tsofaffi dariya a kan irin wannan, domin abin da suka faɗa yawanci sun gani ne, fassarar ce kan kauce. Lemu yana cika kasuwa ne daidai lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa, lokacin da kowane gida akwai mai tari da majina. Yaro ya sha lemu yau, gobe hanci ya toshe, sai a ɗora wa lemu. Mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta, daga hannu da numfashin masu ita. Haka kuma lemu ba ya warkar da ita, ga masu cewa a matsa wa yaro don ta sake shi. A batun gudawa kuwa Hajiya na da gaskiya rabi. Ruwan lemu mai yawa yana iya sa bayan gidan jariri ya tsinke, don hanjinsa ba ya iya tsotse sukarin duka, ragowar sai ta janyo ruwa. Lemun da aka fere a titi ma yana iya kawo gudawa ta hanyar ƙazanta. Cokali biyu na tsokar da kika wanke kika shirya da hannunki ba ya cikin wannan lissafin. In za ki yi mata bayani, ki fara da inda ta yi daidai, ki ce a wurin awo ma an hana matsa masa ruwan, tsoka kaɗan aka ce. In kin san maganar za ta fi shiga daga bakin ɗanta, ki bar maigidan ya faɗa.

Za ki iya tambaya, to in akwai wannan wahalar duka, me ya sa ba za a haƙura da lemun ba? Saboda jini. Yaro yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe a jikinsa, wanda ake gina jini da shi, kuma ajiyar tana ƙarewa wajen wata shida. Nono ba shi da shi da yawa. Abin da muke fara ba yara kuma koko ne da kunun gero ko dawa ko masara, waɗanda ɗan sinadarin ƙarfen da ke cikinsu a ɗaure yake, wani sinadari na cikin hatsin ya riƙe shi, hanji ba ya samun sai kaɗan. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da nasu kason a wannan adadi, amma abinci ma yana da nasa. Bitamin C shi ne ke kwance wannan ɗaurin, ya sa hanji ya tsotsi ƙarfen hatsi da na wake da na ganye fiye da yadda zai yi shi kaɗai. Giram 100 na tsokar lemu yana da kusan miligiram 50 na bitamin C, abin da yaro ɗan wata 7 zuwa 12 ke bukata a yini kuma tsakanin 30 ne da 50, kuma nono ya riga ya ɗauke kaso mai yawa. Saboda haka ba yawa ake nema ba, lokaci ake nema. Amfanin yana fitowa ne in sun haɗu a ciki a zama ɗaya. Ki ba shi lemun tare da faten wake, ko alale, ko kunun da kika haɗa da gyaɗa da waken suya, ko nan take bayan ya gama. In kin ga dama ki ɗiga masa 'yan ɗigo a cikin abincin bayan ya huce. Wannan ɗigon ba shi ne shan ruwan lemu da na hana ba. Kada ki dafa shi a ciki, zafi yana lalata bitamin ɗin. Kuma kada ki bi shi da shayi. Al'adar tsoma wa yaro burodi a shayin safe tana yin kishiyar abin da lemu ke yi, ganyen shayi yana rage ƙarfen da ke shiga jiki. Hanta da nama da kifi da aka niƙa, su nasu ƙarfen yana shiga ba tare da ɗan rakiya ba, don haka kada lemu ya sa ki manta da su.

Abin da za ki iya gani bayan ya ci shi ne ja a gefen baki da haɓa, wani lokaci har wuya inda ruwan ya gangara. Iyaye da yawa suna tsorata su ce jininsa bai haɗu da lemu ba. Galibi tsamin ne kawai ya taɓa fata mai laushi, musamman a hunturu da fata ta riga ta bushe ta tsattsage. Jan yana tsayawa daidai inda ruwan ya taɓa, yaron yana wasansa, kuma yana bajewa da kansa. Ki shafa masa ɗan man kaɗanya ko basilin a kewayen baki kafin ya ci, in ya gama ki dangwala tsumma mai laushi a ruwa ki goge a hankali, ba gurzawa ba. Wasu kuma a mazaunai abin ke fitowa, wurin famfas ya yi ja bayan kwana ɗaya. In haka ta faru ki dakata mako biyu ko uku ki sake gwadawa da ɗan kaɗan. Haka yaron da ke yawan tumbuɗi yana banƙarewa yana kuka bayan ya sha nono, tsami na iya ƙara masa zafi, ki jinkirta masa zuwa wata takwas ko tara, babu abin da ya rasa.

Borin jini na gaskiya daban yake, kuma lemu ba ya cikin abincin da suka fi kawo shi. Ƙwai da gyaɗa da madarar shanu da kifi da riɗi da alkama sun fi shi nesa ba kusa ba. Alamarsa ƙuraje masu tasowa ruɗu-ruɗu a wuraren da lemun bai taɓa ba, kamar ciki da baya, kumburin leɓe ko ido, amai a kai a kai, numfashi mai ƙara, ko yaro ya yi laushi tiɓis. Wannan ba na jira ba ne, asibiti za ki nufa nan take. Don haka nake son duk sabon abu a fara shi da safe ko da rana, a ranar da ba a haɗa shi da wani sabon abu ba, yadda in wani abu ya taso za ki san mai laifin, kuma ba cikin dare za a fita neman Keke ba.

Lemun tsami kuwa maganarsa daban ce, ya fi lemun zaƙi tsami ninkin ba ninkin. Ɗigo biyu a cikin faten da kowa zai ci babu laifi. Amma haɗin nan na lemun tsami da zuma da ake yi wa tari, kada ya kusanci bakinsa. Zumar ce matsalar: tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta da ke tsira a hanjin jariri ta saki dafin da ke kashe ƙarfin jiki har numfashi ya gagara. Babba ba ya jin komai, yaron da bai shekara ba shi ne abin ke kamawa, ko zumar ta daji ce mai kyau ko ta kanti. Haka masu ba yaro lemun tsami don tsai da gudawa, ko a ce ai ta haƙori ce. Maganin gudawa ruwan gishiri da sukari ne na leda da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14 ga wanda ya wuce wata shida, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi a duba. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika sani ba. In ruwan lemun tsami ko man ɓawonsa ya taɓa fata, rana ta bugi wurin, yana iya ƙonewa kamar an zuba ruwan zafi, daga baya ya bar baƙin tabo na watanni. An taɓa kawo mini yarinya da tabo huɗu a jere a cinya, kamar sawun yatsu, uwar har ta fara zargin 'yar aikinta. Da muka bi diddigi, ita da kanta ta matsa lemun tsami a zoɓo, ta ɗauki yarinyar ba ta wanke hannu ba, suka zauna a tsakar gida shan hantsi.

Garehul, wato babban lemun nan mai ɗaci, ba kasafai ake samunsa a gidajenmu ba, ɗacinsa ma ya isa ya kori yaro. Abin lura kawai shi ne yana karo da wasu magunguna, har da maganin zazzaɓin cizon sauro na artemeta da lumefantirin da ake ba yara, da wasu magungunan hawan jini irin su nifedifin, in akwai mai sha a gidan.

In kin gwada ya yamutsa fuska ya tofar, ba ƙi ba ne, baƙon abu ne a harshensa, wasu yaran sai an kawo musu abu sau takwas ko goma kafin su karɓa. Kada ki barbaɗa masa sukari ko gishiri don ya ci. In kuma ya nace a kan ƙi, ko lemun ya yi tsada bayan kakarsa ta wuce, akwai masu yin aikinsa. Gwaiba ta ninka lemu bitamin C kusan sau huɗu, sai dai a kankare tsokar a raba ta da 'ya'yan nan masu tauri. Gwanda nunanniya tana da shi daidai da lemu ko fiye, ga laushi, ga babu tsami, ita nake fara ba wa iyayen da yaransu ke tumbuɗi shawara. Mangwaro na nan tafe da bazara. Garin ƙwamen kuka ma, wanda ake kaɗawa da nono a kasuwa, yana da shi sosai, ɗan kaɗan a kan kunun da ya huce ya wadatar, in kin tankaɗe shi da kyau.

Abincinsa a yanzu sau biyu zuwa uku ne a yini, cokali biyu ko uku a kowane zama, kina ƙarawa a hankali har ya kai rabin kofi, kokon kuma ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali ba. Nono yana nan a matsayinsa duk sanda ya nema, har shekara biyu in Allah ya nufa. In ya gama cin lemun ki ba shi kurɓi biyu na tafasasshen ruwan da ya huce, a ƙaramin kofi, ya wanke bakin. Ki gaida Hajiya.